Kyanwar Iya Hajjo

Cikin duk ranakun da na yi ina aiki a asibitin dabbobi na Inugu, wadda ta fi zama mini a rai ita ce ranar da Iya Hajjo ta shigo da kyanwarta a cikin kwandon albasa. Ana dab da samun mulkin kai ne lokacin.

Ku yaran yanzu ba ku san tsarinmu ba. Likita Bature ne a sama, sai malamin dabbobi, wani Inyamuri mai sanyin hali da muke kira Oga Eze. Ni ce ta ƙasa. Ina tafasa allurai, ina wanke teburi, ina riƙe dabba idan za a yi mata aiki. Da yake na yi yaƙi da jahilci kuma ina jin Turancin buroka, ni ce tafinta idan mutanenmu sun zo.

Iya Hajjo mai tuwo ce a unguwar Obiagu. Mijinta mahauci ne, ya rasu, ɗanta kuma ya koma Arewa, ba ya aike. Ita da kyanwar nan, Fara, su ke nan a ɗaki. A damanar shekarar aka samu haukan kare a gari, duba-gari suka sanar cewa duk kare ko kyanwar da ba ta da ƙarfen shaidar allura a wuya za a kashe ta. Mai gidan haya kuma ya gaji da 'ya'yan da Fara take zubawa, ya ce ko a daina haihuwar ko a kwashe kaya.

Na faɗa mata kuɗin allura da na cire mahaifa. Kuɗi ne da aka yanka don kyanwoyin matan Turawa. Ta yi murmushi ta ce, “'Yar nan, tambayar mini shi, ko yana karɓar tuwo? Nawa ba ya kwana.”

Oga Eze ya yi dariya, amma ya ce doka ba ta hannunsa. Ya daɗe yana shafa bayan Fara, sannan ya ce in gaya mata akwai hanya ɗaya. Dabbar asibiti kyauta ake yi mata komai, ga ɓeraye sun addabi ɗakin dusarmu. In ta ba asibiti kyanwar, za a yi mata allura da aiki. Sai dai bayarwa ce ta gaskiya, don Likita ba ya son wasa: a nan za ta zauna.

Na fassara a hankali, ina raba maganar gida-gida don kada ta faɗo mata lokaci ɗaya.

“Za a fasa kashe mini ita?”

“Ba mai taɓa ta, Iya.”

“Amma ba za ta kwana a ƙafata ba.”

Ta ɗaga kyanwar da kanta ta ɗora a teburi. “Ba ta cin abu da zafi,” ta ce, “a riƙa fifita mata.” Ta ɗauki kwandonta ta fita.

Ni na riƙe Fara aka yi aikin, ni na yi jinyarta har ɗinkin ya warke. Kowace Juma'a Iya tana zuwa bakin wayar shingen asibiti da kan busasshen kifi a ƙulle a gefen zane. Takan kira sau ɗaya, Fara ta taho a guje tana goga jiki a wayar. Nakan ce ta shigo, ta ce a'a, ba ta son ta rikita mata hankali.

Wata Juma'a ta kira, Fara tana kwance kan buhun dusa, ta yi ƙiba, ƙarfenta yana ƙyalli. Ta ɗaga kai ta dube ta, ta mayar ta kwanta. Iya ta sake kira. Na ji kunya kamar ni na yi laifin, na tashi zan ɗauko mata ita.

“Bar ta, 'yar nan,” ta ce. “Ta samu gida. Abin da na roƙa ke nan.” Ta miƙo mini kan kifin ta waya, ta tafi, ba ta ƙara zuwa ba.

Shi ya sa nake gaya muku, idan talaka ya tambayi kuɗin aiki ya yi shiru, kada ku yi saurin kiran na bayansa. Dabbar takan warke ta manta. Wanda ya kawo ta shi ne yake komawa ɗaki shi kaɗai, kuma babu allurar da muke da ita dominsa.