Ratayen Tarbar Inna

Yarana suna kiransa girlandi, yadda suka ji a makaranta. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa karɓar wannan suna ba. A bakinta rataye ne kawai: igiya doguwa da aka jera wa ƙyallaye masu launi, a ɗaura ta daga ƙofar gida zuwa gindin mangwaro. Ba a yin sa don Sallah ko suna, sai don matafiyin da ya daɗe. Da safen ranar isowarsa ake ɗaurawa, idan ya shigo ya sha ruwa a sauke.

Lokacin rikici Inna ta hau babbar mota tare da ƙanena suka fita Kamaru, suka zauna a Garuwa-Bulai. Ni na tsaya a unguwarmu, Kilomita Biyar, nan cikin birnin Bangi, don Malam, maigidana, ya ce ba inda za shi. Shekaru muka yi muna gaisawa ta waya, ina jin muryarta tana ƙara sirancewa. Sai wata damina ƙanena ya bugo ya ce Inna ta ɗaure kayanta, ta rantse ƙasar Bangi ce za ta rufe ta. Zai sa ta a gaban motar kaya ta wani abokinsa, cikin ayarin da sojoji ke rakowa. Ranar Alhamis, in Allah ya yarda, tana gida.

Na bi telolin Titin Kuduku ina roƙon ragowar yadi. Wani ya ba ni atamfa, wani shadda, wani guntun leshi ruwan hoda da ban san inda zan sa shi ba, amma na sa. Ni da babbar 'yata muka yanka, muka ɗinke a keke. Da safen Alhamis muka ɗaura. Iska ta shiga cikinsa, ƙyallayen suka hau rawa, har masu taksi-moto, 'yan acaba, suna rage gudu su kalla. Na tuƙa gozo, tuwon rogon nan da Inna ke cewa na Kamaru bai kai shi ba, na yi miyar ganyen koko.

Azahar ta yi, la'asar ta wuce. Aka kira magariba a Masallacin Kuduku, ba Inna. Wayar direba a kashe. Ƙanena ya ce shi dai da idonsa ya ga tashinsu.

Malam ya dawo daga masallaci ya tsaya ƙarƙashin igiyar.

"Maman yara, a sauke abin nan, hadari ya haɗo."

"Ai ba ta iso ba, Malam."

"In ta iso a mayar."

"Ba haka ake yi ba."

"To yaya ake yi?"

Ban sani ba. Inna ta koya mini ɗaurawa, ta koya mini saukewa bayan baƙo ya shigo, amma ba ta taɓa faɗa mini abin da ake yi idan baƙon bai zo ba. Na dai ji a jikina cewa in na kwance kullin nan, kamar na cire rai ne. Na yi istigfari, don na san igiya ba ta riƙe ran kowa. Duk da haka hannuna ya ƙi.

Ruwa ya sauka, ya sake sauka. Jar atamfar ta zuba a kan farar shadda. Labarai kuwa kowa da nasa: wannan ya ce gada ce ta karye, wancan ya ce 'yan bindiga ne suka tare hanya, wata ta ce motoci sun kafe a taɓo. Na kasa zama. In ɗora tukunya in fito ƙofa, in koma in tarar wuta ta mutu. Ina cikin salla, da na ji ƙugin babbar mota sai in rasa raka'ar da nake. Kullum sai na tuƙa gozo da rabonta, kullum yara su cinye da safe.

Maƙwabciyata 'yar unguwar Yakite, mai sayar da gawayi, ta leƙo wata rana ta dubi igiyar ta dube ni, ta gaishe ni da yaren Sango.

"Bara mo, uwar biki! Shanyar nan taki ba ta bushewa ne? Ko tsummokaran ma na sayarwa ne in taya?"

"Ke dai bari, Yaya."

"Ba zan bari ba. Dubi wuyanki kamar na zalɓe. Tsohuwar da ta tsallake wuta ce taɓo zai riƙe? Zauna ki ci abinci."

Ta zauna a kaina sai da na ci, tana ta ba ni labarin wani mai taksi-moto da igiyar ta fizge wa hula.

Sati ya zagayo. Ƙyallayen sun koɗe, sun nannaɗe a jikin igiyar, jar ƙasa ta ɓata na ƙasa-ƙasan. 'Yata ta fara cewa, rabi da Sango rabi da Hausa, ƙawayenta suna yi mata dariya. Malam ya daina magana a kai, sai dai in gan shi ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashi, carbi a hannu.

Da hantsi ne, ina tsugune ina wanke tukunya, babur ya tsaya a ƙofa. Wata 'yar tsohuwa ta sauko daga bayansa da ƙullin kaya ɗaya, zanenta duk busasshen taɓo. Sai da ta yi sallama na gane ta. Na ruga da kumfar sabulu a hannu na rungume ta, na ji ƙasusuwanta. Motarsu ce ta lalace a daji inda waya ba ta kamawa, ayari ya wuce ya bar su, sai da wani ayarin ya zo.

Ba ta shiga gida nan da nan ba. Ta ɗaga kai ta bi igiyar da kallo tun daga ƙofa har mangwaro.

"Ke, wannan fa?"

"Rataye ne, Inna."

"Na yaushe?"

"Na waccan Alhamis."

Ta kama wani ƙyalle da ya yi laushi, ta murza shi a yatsunta. Sannan ta ce, "Ba ni ruwa."

'Yata ta kawo a kofi. Inna ta yi bisimilla ta shanye a tsaye, ta miƙa kofin.

"To, na iso. Sauke."

Kullin ya sha ruwa ya cije, farcena ya kasa. Sai da aka kawo mini wuƙar kicin.