Wandunan da Baba ya gyara

A gidanmu da ke Nasarawa Gwom ba a cewa "kaya" idan abin sakawa ake nufi, "sutura" ake cewa. Dokar Baba ce. Tela ne, kuma keken da yake takawa a zauren gidan na mahaifinsa ne, wanda ya zo Jos tun zamanin haƙar kuza yana ɗinka wa leburori wanduna. A wurin Baba aikin tufa ɗaya ne tak, ta rufa wa mutum asiri. In ya ga ɓula a rigarka sai ka cire ta nan take, ko da sallar Juma'a za ka makara.

Gwanjo ne ya ci masa kasuwa. Mutanen da a da suke kawo masa yadi suka koma kawo masa wandon da wani ya riga ya saka a wata ƙasa, suna cewa a rage ƙugu, a rage tsawo. Yana yi, amma fuska a murtuke. "Kayan matattun Turawa" yake kiransu. To ka ji gidan da ni, babban ɗansa, na tashi bayan na gama difloma na gaji da yawon neman aiki, na ce gwanjon zan sayar. Bai hana ni ba. Abin da ya yi ya fi hanin zafi: wata shida cur bai taɓa ce mini "ya kasuwa?" ba. Mai kayan miya ma yana samun wannan gaisuwar daga bakinsa, ni ban samu. Ina yi kamar ban damu ba, alhali kullum na shigo zaure kunnena na jiran ta.

A kasuwar Katako nake saro kaya, wurin wani ɗan Ibo da kowa ke kira Oga, sai in kai Farin Gada in shimfiɗa a gefen titi inda ɗalibai ke wucewa. A shekarun nan ne yayin jins mai yage-yage ya shigo. Ranar da na fara ganinsu da aka kwance dilar kaya na ɗauka ɓera ne ya yi ɓarna, na ware su gefe. Oga ya dafe kai.

"Kai, ka san abin da ka jefar? Wannan shi ne latest! Yaran makaranta zai biya ka ninki biyu. In ya yage da yawa, kuɗi ya fi yawa."

Gaskiya ya faɗa. Akwai wasu ɗalibai da ke haɗa casu a ɓoye, a wani tsohon sito na zamanin kuza can bayan gari. Ba takarda, ba sanarwa, baki da baki ake faɗa. Kiɗansu ba waƙa a ciki, duka ne kawai kamar mata goma na daka a turmi ɗaya. Wanda ke saka musu kiɗan, wani dogo mai ɗan kunne, shi ya same ni ya ce ranar Asabar suna da taro, kuma ba mai shiga sai da jins yagagge. Ya ce in kawo guda goma sha biyar ranar Juma'a da hantsi, kuma in na burge su, duk abokansa ni za su riƙa nema.

Na kwashe safiyar Talata a gindin dilar Oga ina ture kafaɗun mutane. Na zaɓo goma sha biyar masu kyau, wato masu muni: gwiwa a buɗe, zare na reto, launi ya koɗe har ya yi fari a cinya. Na zuba a buhu na ajiye a bayan keken Baba, don ɗakina na yoyo. Washegari na tafi Bauchi ɗaurin auren abokina. Ko a mafarki ban kawo cewa in yi wa wani bayani ba. Mutumin da ko kallon buhuna ba ya yi, me zan ce masa?

Na dawo Juma'a da sassafe. Ina sa ƙafa a zaure na tsaya cak. A kan bencin da baƙi ke zama an jera wanduna a ninke, shuɗi shar, kowanne da karin guga a miƙe tun daga ƙugu har ƙasa. Na ɗaga na sama, ba ɓula. Na ɗaga na biyu, na uku. Na juya cikin ɗaya, sai ga faci an sa daga ciki, an bi shi da zare layi-layi, ɗinki ƙanana kamar tafiyar tururuwa.

Inna ta leƙo tana murmushi. Ta ce kwana biyu Baba bai karɓi aikin kowa ba. Ya aika an sayo zare kala uku kafin ya samu wanda ya dace, sannan ya kai wa marini a unguwar Kwararafa aka mayar musu da launi.

Baba ya fito yana goge tabarau da bakin riga. Idanunsa sun yi ja.

"An cuce ka a kasuwa," in ji shi. "Tsumma suka ɗora maka don sun ga kai sabo ne. Amma ba komai, na rufa maka asiri. Ɗaya ya rage, wanda ya fi lalacewa, zan ƙarasa shi yanzu."

Sai ya ƙara da cewa, "Ya kasuwar dai?"

Wata shida ina jiran maganar nan, sai ga ta ta zo a kan wandunan da ba mai saya. Na ce, "Alhamdulillahi, Baba. Allah ya ƙara girma." Na kwashe goma sha huɗun na fita kamar ɓarawo.

A Farin Gada dogon nan na jirana da abokansa huɗu, kusa da inda ake sauke kabeji daga manyan motoci. Na buɗe buhu. Sai wata yarinya a cikinsu ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Malam, mun ce maka za mu je intabiyu ne? Har da guga!"

Dogon bai yi dariya ba. Ya ce in ba zan iya mayar da su yadda suke ba, zai wuce wurin wani. Na ce ya ba ni rabin awa. Na sayi reza a teburin mai sigari, na zaga bayan wata motar tumatir, na tsuguna na ɗora wando a gwiwata.

Ɗinkin ya ƙi. Ina kafta reza, yadin da ke gefe na yagewa, amma inda Baba ya bi da zare ko gezau. Na yi gumi, na yanke yatsa, ina zagin yayi da wanda ya kawo shi. Ina kan na uku na ga inuwa ta rufe ni. Na san takalman tun kafin in ɗaga kai.

Baba ne, da leda a hammata. Ya gama na goma sha biyar, ya hau acaɓa ya biyo ni don kada in yi asarar ciniki. Mutumin da bai taɓa tambayar inda nake shimfiɗa ba, ashe ya sani.

Ya dubi rezar, ya dubi wandon, ya dubi ɗaliban da suka zagayo suna leƙe, kowanne gwiwa a waje. Na ga lokacin da ya gane. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma ban ƙara ji ba.

"Da gangan ne?" Ni ya tambaya.

"Haka ake yayi, Baba."

"Iyayensu sun sani?"

Ya miƙo hannu, na ɗauka mari ne, ashe rezar yake so. Ya tattare rigarsa ya tsuguna a cikin ɓawon kabeji.

"Ba ta waje ake farke ɗinki ba. Ɓata yadi kake yi."

Ya juya wandon, ya nemo bakin zare, ya tsinke shi sau ɗaya, ya ja. Facin ya fito salin-alin, ɓular ta dawo yadda take. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, aikin kwana biyu ya warware shi kafin a kira sallah. Facin da zaren kuwa bai bar su a ƙasa ba, a aljihu yake zubawa. Ɗaliban suka daina dariya, yarinyar nan har da cewa "sannu, Baba". Suka karɓi kayansu, duk da shuɗin ya yi musu yawa.

Na miƙa hannu zan karɓi ledar da ke hammatarsa. Ya matse ta.

"Wannan ba na sayarwa ba ne."

Bai sake ɗaga maganar ba, ni ma ban iya ba. Yakan ce mini "ya kasuwa?" jefi-jefi, amma buhuna bai ƙara taɓawa ba.

Da sanyin Disamba ya shigo, irin wanda ke sa ruwan buta ya gagari hannu, wata safiya na fito na same shi a zaure ya ɗora ƙafa a kan keke yana takawa. Rigarsa ta ɗan ɗage. A ƙarƙashinta na hango shuɗin jins, da karin guga a miƙe. Mutumin da bai taɓa sa gwanjo a jikinsa ba tun da aka haife shi.

Ya ga inda idona yake. Bai daina taka keken ba.

"Sutura ce," in ji shi. "Ni na ɗinka."