Biskit ɗin Karnukan Dukki

Rahina 'yar Maraɗi ce, kuma 'yar gidan alkaki. Duk wanda ya ci biki a unguwarsu ya san hannun mahaifiyarta, Inna Sabuwa. Rahina ta biyo mijinta Illiyasu Alƙahira ne da niyyar ya gama karatu su koma. Karatun ya yi ta haifar wani karatun, har furfura ta cim ma Illiyasu a kan littafi, suna nan dai a ɗakinsu na ƙololuwar bene a Ard al-Liwa, inda mai kawo tukunyar gas sai an haɗa shi da Allah kafin ya hau.

Sana'ar ma ba ita ta neme ta ba. Tana aikin gida wurin wata Madam Afra a unguwar Dukki, sai karen matar ya yi ciwon ciki, likita ya hana shi abincin kanti. Rahina ta kwaɓa garin alkama da kabewa da busasshiyar hanta, ba sukari ba gishiri, ta gasa. Kare ya cinye har da lasar kwano. Madam ta gaya wa ƙawayenta, ƙawaye suka gaya wa nasu. Haka Rahina ta bar goge-goge ta koma tsayuwa gaban tanderu, bayanta na ciwo, ta san karen da ƙwai ke sa wa ƙaiƙayi da wanda haƙoransa suka zube. Illiyasu ya duba littattafansa ya ce halal ne. A Maraɗi kuwa abin da aka sani kawai, Rahina na sana'ar fulawa.

Sai Inna ta zo aikin ido ta sauka wurinsu. Ido ɗaya a naɗe, ɗayan yana gani hazo-hazo, amma harshe garau. Ta lalubo biskit ɗin guda ɗaya a faranti, mai siffar ƙashi, ta ɗauka yankan ne ya karkace. Ta tauna ta daɗe tana taunawa.

“Ashe Masar ta kashe miki hannu,” in ji ta.

Rahina ta ce mutanen nan haka suke so. Inna ta ce ta sha shayinsu a asibiti, cokali ma tsayawa yake a ciki don sukari, kada a raina mata wayo.

Washegari Rahina ta sauka sayen hanta. Ta hawo tana haki, gwiwoyi na ƙara, ta tarar ɗakin ya cika da ƙamshin gidan biki. Inna ta gyara kwaɓin: sukari, gishiri, har da gyaɗar ƙamshi, wadda ke iya kwantar da kare. Tana zaune ta miƙe ƙafa, irin zaman wanda ya fid da zuriya kunya. Rahina ta yi godiya, ta gasa, Illiyasu da abokan karatunsa suka sha shayi da shi suna cewa tamam. Ita kuma ta sake sabon kwaɓi a ɓoye, ta kai a makare.

Ta ɓoye gwangwanin sukari a bayan buhun shinkafa. Inna ta gano shi da lalube, ta sake gyara kwaɓin, Rahina ta sake makara. A wannan karon Madam Afra ta buga waya, ta ce ma'alish, wato a yi haƙuri, amma karnuka ba su san uzuri ba, in aka ƙara latti za su nemi wata.

Rahina ta tsaya da kwanon gari a hannu. Ba ta da ƙarfin kwaɓi biyu kullum, sana'ar nan kuma ita ke riƙe da gidan. Ta durƙusa kusa da tabarma.

“Inna, ba mutane ke ci ba. Karnuka ne.”

Rahina ta sunkuyar da kai tana jiran maganar da ta daɗe tana tsoro, a ce ta kai hannun gidansu bakin kare. Inna ta sa aka kawo mata buta ta kuskure baki, ta tambayi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya yanka dabbar da aka ciro hantar. Ta ce a garinsu kare ƙanzo yake samu, in ya yi sa'a. Ta gyara filastar idonta.

“Suna ragewa?”

“Ba sa ragewa, Inna.”

“To.”

Ta ce kada maganar ta kai Maraɗi, musamman kunnen gwaggon Rahina. Sannan ta wanke hannu ta ce a miƙo mata abin murza fulawar, don na jiya gefensa ya ƙone, kuma ko kare ne ba za a kai masa ƙonanne daga ɗakin 'yarta ba.

Rahina ta miƙa mata, ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina bayanta da bango. Gwangwanin sukarin dai ta jawo shi ta danne da ƙafa.