Sakin Adawiyya a Kasuwa Uku

Adawiyya 'yar Matamaye ce, ta ƙasar Nijar. Ta tsallako Daura tana da shekara ashirin da biyu don ta taya yayarta zaman jego, sai wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta rasa mai fitowa a matar da ta ƙi kai ɗanta rigakafi. Aka gwada Adawiyya, ta ƙi kai yaron da kyau ƙwarai, har wata tsohuwa cikin 'yan kallo ta jefe ta da takalmi. Daga ranar ƙungiya ta riƙe ta. Shekara goma sha huɗu tana hawa dandamali ranakun kasuwa, ta kuma fito a finafinai tara. A shida daga ciki, aikinta ta kawo wa baƙo ruwa, ta durƙusa, ta fita.

A ƙungiyar ta haɗu da Munzali, suka yi aure, suka haifi Fadila. Duk abin da take da shi a Najeriya yana cikin gidan auren nan.

Bara aka shirya wasa a kan illar saurin fushi. Darakta ya ga babu dalilin nemo mata miji a waje, ga na gida. Munzali ya fito a mijin, ita ta fito a Kulu, matar da ta ƙona tuwo. Ran kasuwar Zango ya nuna ta da yatsa ya ce, "Na sake ki!" Aka yi tafi. Ya maimaita a Sandamu, ya ƙara a garin Babban Mutum, inda ya fi ko'ina iya faɗa.

Suna loda kaya a mota, wani malamin garin mai suna Zakiyyu ya tare Munzali.

"Samari, an ce da gaske matarka ce?"

"Tawa ce, Malam."

"A gari nawa ka faɗi maganar nan?"

"Uku."

"To, ta haramta gare ka. Saki ba ya ɗaukar wasa."

Malam Saminu na unguwarsu a Daura ya ce Kulu aka saka, Kulu kuwa babu ita a duniya. Malami na uku ya ce ya danganta ga wanda Munzali ke kallo lokacin da ya furta, ita ko jama'a. Munzali ya ce ba zai iya tunawa ba, rana na dukan idonsa.

"Baban Fadila," in ji Adawiyya, "yanzu in ka shigo, abinci zan kawo maka ko mayafi zan ja?"

"Ki riƙa yin duka biyun kafin a gane."

Sati biyu tana yin duka biyun, sannan ta ɗauki jakarta ta tafi Matamaye. Mahaifinta ya ji bayani har ƙarshe, ya miƙo hannu.

"Ina takardarki? Mace ba ta dawowa gida da saki a baki."

Ta lalubi jaka, ta ba shi shafin wasan da darakta ya rubuta. Ya juya shi gaba da baya.

"Mijinki ne ya rubuta?"

"A'a, Baba, darakta ne."

"Daraktan ke aurenki?"

"A'a."

"To, ni ban ga saki ba. Tashi, motar Daura ba ta cika ba tukuna."

Ta dawo da la'asar. Har yau in Malam Zakiyyu ya zo Daura, Munzali kan tsallaka titi. A ƙungiya kuma ya roƙi a mai da shi maigadi a wasa, wanda aikinsa ya buɗe ƙofa ya rufe, ba ya cewa komai.