Ranar da Muntaka Ya Kankare Gawo

Idan ka sauka a tashar Matameye ka ce kana neman Muntaka, za a tambaye ka wanne, don masu sunan suna da yawa. Amma ka ce Muntaka Jami'a, ko mai tallan ruwan leda zai nuna maka gidansa. Taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa. Ni na fi kowa sanin cewa mutumin da ake kira Jami'a ko ajin farko na lakwal, wato makarantar boko, bai gama ba.

A Dungu aka haife shi. Ya tsere wa fartanya tun yana saurayi, ya zama karen mota, ya sha rana a saman kaya har Allah ya ba shi farmi, wato lasin tuƙi. A lokacin ne Alhaji Shekara, ɗaya daga cikin manyan 'yan kasuwar garinmu, ya ba shi 'yarsa Hanifa, alhali Muntaka bai mallaki komai ba sai tabarma da buta. Masu hali sun nema, Alhaji ya ce shi nutsuwa ya gani. Tun daga ranar Muntaka bai taɓa ɗaga ido ya dubi surukinsa ba. In ya hango shi zai tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kuma duk abin da aka ce masa amsarsa guda ce: "To, Baba."

Da gwamnati ta buɗe jami'a a yankinmu, aka ɗauke shi direba. Aka damƙa masa farar mota mai dogon baya, a kowace ƙofa da tambarin jami'ar: itacen gawo, littafi a buɗe a gindinsa, sai kalmomi uku na Faransanci a ƙasa. Bai iya karanta su ba, ɗalibai ne suka fassara masa: ilimi, gaskiya, yi wa jama'a hidima. Wallahi mun sha wuya. Duk hutun da ya zo gida, ba a gama shayi a majalisa sai ya biya mana su kamar karatun allo. In na ce masa, "Farfesa, yau me aka koya maka?" sai ya ce, "An koya mini kada in zauna da mai sayar da rake." Ni ke nan mai raken.

Aikinsa shi ne kai ɗalibai karkara, su auna rijiyoyi, su ɗebi ƙasa a fadamu, su tambayi manoma. Akwai labarin da ya fi son bayarwa. Wata rana a Icirnawa ɗalibai suka karya rake a wani lambu ba tare da tambaya ba, suka shigo mota suna sha. Malamar da ke tare da su, Malama Anisa, ba ta lura ba sai da aka yi nisa. Ta sa Muntaka ya juya. Ta tsayar da samari masu gemu a gaban wani tsohon manomi suka ba shi haƙuri ɗaya bayan ɗaya. A hanyar komawa ta ce musu, "Tsohon nan bai san sunan ko ɗayanku ba. Abin da ke jikin ƙofa ya gani. Gobe in wasu suka zo da shi, da abin da kuka bari za a tarbe su." Muntaka ya ce tun daga ranar ko gawayi bai ƙara ɗorawa a motar ba sai ya tambaya.

Shekaru suka tura, ya yi ritaya. Motar ma ta tsufa, aka yi gwanjonta, ya saye ta. An ce masa ya shafe tambarin in ya sami sarari. Bai taɓa samun sararin ba. Kullum da safe da tsumma daban yake goge gawon, wanda ba ya taɓa sauran jikin motar da shi. Ya shiga jigilar fasinja tsakanin Matameye da Damagaram, kuma motarsa ce ke fara cika, don ita ba ta daɗewa a shinge. Jandarma da ma'aikatan duwan, wato kwastan, sun san ba ta jami'a ba ce yanzu, bai ɓoye wa kowa ba. Amma sun saba da shi da tambarin, ba su taɓa samun ko allura a cikinta ba, sai su ɗaga masa hannu ya wuce. 'Yarsa Bushra ta shiga jami'ar, a motar yake kai ta har bakin ƙofa yana washe baki.

Sai aka rufe iyakar ƙasa, kasuwa ta tsaya cik. Alhaji Shekara ya ji jiki, ya saki wa 'ya'yansa maza ragamar shago, su kuwa suka faɗa harkar da ake yi da raɗa. Wata la'asar aka aiko kiran Muntaka. Ni na raka shi, na tsaya daga bakin zaure, kunnena kuwa a ciki.

"Muntaka, akwai 'yan kwalaye da yaran nan suka shigo da su ta daji," in ji Alhaji. "Magani ne. Za ka kai mini su Damagaram ranar kasuwa, ƙarƙashin kujeru."

Muntaka na durƙushe, kansa a ƙasa.

"Motoci ba su ƙare ba a garin nan. Taka nake so, don ita ba a buɗe ta. Ban taɓa neman komai a wurinka ba, ko na taɓa?"

"A'a, Baba."

"To?"

"To, Baba."

Da muka fito na kusa shaƙe shi. Duk Matameye an san wane irin magani ne ke shigowa ta daji: ƙwayoyin nan da suka mayar da samarin tasha kamar mahaukata. Na ce masa, "Kai, bakinka ciwo yake? Ka ce ba ka iyawa mana!" Ya dube ni ya ce, "Illa, kai ka taɓa ce wa surukinka a'a?" Ban kuwa taɓa ba. Mu nan ko abinci ba ma ci a gaban suruki, balle mu mayar masa da magana.

Kwanakin da suka biyo baya na tausaya masa ƙwarai. Gaba kura, baya sayaki. In ya ɗauka aka kama, kurkuku ne, kuma hoton da zai zagaya wayoyin mutane ba na fuskarsa ba ne kawai, har da ƙofar motar, Bushra na cikin aji za a nuna mata. In ya ɗauka ba a kama ba, ya san gobe ma za a kira shi, jibi ma haka. In ya ƙi, ya watsa wa mutumin da ya ba shi mata ƙasa a ido. Na ba shi shawara ya ce mota ta lalace. Ya ce Alhaji zai turo bakanike, kuma shi ba zai yi wa Baba ƙarya ba. Na ce ya tura Hanifa ta roƙi mahaifinta. Ya ce ba zai sa ta tsakiya ba. Ita kuwa ta riga ta shiga, don matan 'yan'uwanta sun kai mata labari. Tuwo ta kawo mana ta ajiye, ta ce, "Malam, ubana ne, kai kuma uban 'ya'yana ne. Kada ka tambaye ni." Ta koma ciki idonta jawur. Tuwon nan haka aka ɗauke shi.

Ranar kasuwa da hantsi na bar rakena a hannun maƙwabci na nufi gidan Muntaka. Tun daga kan kwana na ji wani ƙara, kar-kar-kar. Na same shi tsugune a gefen motar da guntun ƙarfe da samfefa, yana kankare tambarin. Ya riga ya gama ƙofa ɗaya, wurin ya zama tabo mai launin toka. A ta biyun ya cinye littafin da kalmomin, saura rassan gawon.

"Muntaka! Ka haukace?"

Bai juyo ba. Garin fenti ya yi masa fari a gemu, hawaye na bin kumatunsa bai share ba. Na san mutumin nan tun muna kiwon awaki, ko ranar da aka binne kawu ban ga ya yi kuka a fili ba. Duk tsiyar da na tanada na fasa yin ta. Mutane suka fara taruwa.

Yana kan reshen ƙarshe amalanken shanu ya shawo kwana, an lulluɓe kwalayen nan da buhunan dusa. Alhaji Shekara na biye da ƙafa, da carbinsa. Muntaka ya miƙe, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a cikin garin fentin.

Alhaji ya dubi ƙofar. Ya zagaya ya dubi ɗayar. Ya daɗe a tsaye.

"Ina abin da ke nan?"

"Na mayar musu da kayansu, Baba. Da ma ba nawa ba ne." Muryarsa da ƙyar take fita. "Mota kuwa taka ce, ni ma naka ne. In ka ce a loda, a loda."

Idan tsohon nan ya ce a loda, Muntaka zai loda, na sani, kuma shingen farko za a kama shi, don farar mota mai sabon tabo a ƙofa ita za a fara zazzagewa. Alhaji ma ya san haka. Carbin ya tsaya a hannunsa. Hanifa na leƙe daga zaure, ta toshe baki da mayafi. Mai amalanke ya ɗora hannu a kan buhu yana jiran umarni.

"Juya da su," in ji Alhaji.

Ya bi bayan amalanken. Bai yi zagi ba, bai kuma sa albarka ba. Har yau in Muntaka ya durƙusa gaishe shi, da kai kawai yake amsawa, kuma a sallar da ta wuce ba a aiko wa Hanifa da cinyar rago ba kamar yadda aka saba. Tana zuwa gidan tana dawowa, ba ta faɗin abin da aka ce mata.

Ranar dai bai fasa fita ba. Na ce zan bi shi Damagaram, na ƙirƙiro sayayyar da ba ni da ita. Fasinja suka shiga suna satar kallon ƙofa. Da muka isa shinge, wani sabon jandarma ya daka mana tsawa ya nuna gefen hanya. Tsofaffin da suka san Muntaka suna can ƙarƙashin rumfa, ba su ma ɗago kai ba, farar mota ce kamar kowace.

"Kai, direba! Sauko. Takardu. A sauke kaya duka."

Muka sauko. Aka kwance buhunan fasinja, aka ɗaga kujeru, aka zazzage har kwandon wata tsohuwa. Rana na dukan mu, fasinja na tsaki, wani yana cewa da ya sani da ya hau wata motar. Muntaka na tsaye a layin direbobi, takardunsa a hannu, hularsa a hammata.

Jandarman ya gama, bai sami komai ba. Ya ƙwanƙwasa tabon da sandarsa ya ce, "Me ke nan a da?"

Na buɗe baki zan ba shi tarihi tun daga farko, Muntaka ya riƙe mini hannu.

"Sunan mutane ne, ranka ya daɗe," ya ce. Ya sunkuya ya fara ɗaure buhunan.