Tarin da Na Yi a Asibitin Isa

Ban taɓa cin jarrabawa ba a rayuwata, aji biyu na yi aka sallame ni. Sai ga ni da furfura na je satar amsa a asibiti.

Wani tabo ne ya fito wa mai ɗakina a damtse, fari-fari, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Munka ce kyasbi ne. Da ya ƙi tafiya, na ɗauko ta daga Tozai zuwa Isa ranar kasuwa. Malamar asibiti ta duba, ta latsa, sannan ta murza auduga ta ce, "Inna, rufe ido. In kin ji na taɓa, ki ce kin ji."

Na san ciwon da ake nema da auduga: kuturta. Na san kuma yadda ake ware wa mutum ƙwarya a garinmu, mai ɗakina ko fura take damawa ta sayar. Audugar na sauka bisa tabon, sai na yi tari.

"Na ji," in ji ta.

Aka sake, na sake. Shekara talatin muna tare, ta san tarina.

"Baba, kai ma za ni duba ka, wanga tari haka?"

"Goro ne, ɗiyata."

Aka ba mu man shafawa, aka ce mu komo bayan wata guda. Ba mu komo ba. Har tsire na saya mata a tasha, ina jin kaina gwani.

Damina biyu bayan nan ta sauke tukunya da hannu, tana ba ni labari, ni ne na ji ƙaurin fata. Ita ba ta ji komai ba.

Munka koma. Na faɗi abin da na yi. Malamar ba ta yi faɗa ba, ta dai ce in jira waje. Da ta fito ta ce magani zai kashe ciwon, amma jin da yatsun sunka rasa da wuya ya dawo.

Yanzu kowace safiya ni ke duba mata hannu da tafin ƙafa, yadda aka koya mani, ko ƙuna, ko ƙaya, ko tsagewa. Ina taɓa yatsun ɗaya ɗaya. Jiya ta rufe ido don kanta.

"Malam, ka taɓa?"

Na riga na taɓa sau uku.

"To yi tari mana," ta ce, "in sani."