Kwalbar Raishatu da na sa a ƙanƙara

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna a firamare ya tsaya, kuma abin kunyata zan faɗa. Amma zancen ya hana ni sakat.

Sunana Isufu, mai shara da aike a wani asibiti a Damergu. Ba na manta bazarar da wani makiyayi, Agali, ya kawo 'yarsa Raishatu daga arewacin Belbeji. Shekarunta huɗu, wuya ya sanƙare, jiki zafi rau. Aka fara mata allurar sanƙarau, ba sauƙi. Likita ya ce wataƙila ƙwayar cutar ba irin wadda aka saba gani ba ce, sai an ɗebi ruwan ƙashin bayanta an auna.

Agali ya ƙi. "Ku ɗebe ruwan bayan yarinya? Da me za ta miƙe?" Da ƙyar ya yarda, ya ce sau ɗaya tak.

Majo, shugaban masu jinya, ya miƙo mini 'yar kwalbar. "Damagaram, ɗakin awo, yau ɗin nan. Ban da dogon gaisuwarka a tasha, Baba Isufu."

Ni kuwa na yi shekara da shekaru ina dakon maganin rigakafi, abin da na sani ɗaya ne: zafi ɓata magani yake. Sai na sa kwalbar cikin akwatin sanyi, na jera ƙanƙara. Duk inda mota ta tsaya sai na leƙa, kada ta narke.

Ma'aikaciyar ɗakin awo na taɓa kwalbar ta ɗago kai.

"Baba, wa ya ce ka sa ta a sanyi?"

"Ba kowa, Hajiya. Dabarata ce."

"Rigakafi ke son sanyi. Wannan ƙwayar da ranta muke son ta, mu rene ta mu gane ta. Sanyi na iya kashe ta."

Haka aka yi, ba abin da ya fito a awon. Majo ya ce in kwantar da hankalina, mai yiwuwa allurar da aka fara ce ta jawo. Hankalin bai kwanta ba.

Likita ya nemi a sake ɗiba. Agali ya ce, "Sau ɗaya muka yi da ku. Ashe na'urarku ma ba ta gani." Ya saɓi 'yarsa ya fita. Ina tsaye da tsintsiya, ban iya cewa laifina ne ba. Da na faɗa, wataƙila da ya yarda.

Ku masu tasowa, abin da ba a gaya muku ba, ku tambaya.

Wanda ya san Agali, ko a rijiya ko a kasuwar dabbobi, don Allah ya aiko wa masu shara na asibitocin Damergu, saƙon zai iske ni. Raishatu ta tashi? Tana ji, tana tafiya? Ko akasin haka ne, a faɗa mini.